Mutanen Cikin Goggo

A gidanmu kofuna tara ne a kan kanta. Na goma yana rataye a ƙusa bayan ƙofar kicin, da jan fenti a gindinsa, kuma na Goggo ne. Baba da kansa ya shafa fentin, ina 'yar shekara bakwai ina riƙe masa gwangwani. Har yau idan na tuna sai in ji kamar in mari yarinyar nan da ta tsaya tana washe baki don an sa ta aiki.

Goggo ƙanwar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ta da shekara goma sha ɗaya. Mijinta ya rasu ba su haihu ba, ta dawo gidanmu da akwati ɗaya da keken ɗinkin da ba ya juyawa, aka ba ta ɗakin da ke kusa da famfo. Wata uku ta yi tana zaune ana zuba mata abinci kamar mara lafiya, sai wata safiya ta ɗaura ɗankwali ta fita. Da ta dawo ta ce ta samu aiki, za ta riƙa kula da banɗakin tashar mota.

Wannan aiki da a ce a wani gida ne, da an yi tsaki an wuce. Amma Baba duba-gari ne. Shekara talatin ya yi yana shiga gidajen mutane da farar riga da tocila, yana leƙa randuna, yana shafa yatsa a bakin kwata. Mata na jin takunsa suke zubar da ruwan wanke-wanke su kife tukwane. A duk tsawon aikinsa ba a taɓa jin ya ce wa wani gida "ba laifi" ba, kullum sai ya samo abin da zai rubuta. A ce ƙanwar wannan mutum ce ke durƙusawa da burushi a inda direbobi da fasinjoji ke sauke nauyinsu, ai sai ya ji kamar an watsa masa ƙasa a ido a tsakiyar kasuwa.

Ba aikin ne ya jawo fentin ba, gwangwanin Baba ne. Akwai wani tsohon gwangwanin biskit da yake ajiyewa a saman kwabarsa, cike da kafso, irin maganin nan mai kashe ƙwayoyin cuta. Wasu ragowar wanda likita ya taɓa rubuta wa wani ne, wasu kuwa shi ke sayowa. Duk ranar ɗaya ga wata sai ya sauko da shi, ya jera mu daga Umma har ƙanina, ya ba kowa biyu da safe biyu da yamma har kwana uku. Wankin ciki yake kiransa. A ganinsa cikin mutum kamar kwata ne, idan ba a kwarara masa magani ba sai ya yi tsutsa. Ko atishawa ka yi a tsakiyar wata, gwangwani zai sauko.

Watan farko da Goggo ta kama aiki, ya miƙa mata huɗu a maimakon biyu.

"Na mene ne, Yaya?"

"Ke da kike wuni a cikin ƙazanta kike tambaya?"

"Kaina ba ya ciwo, cikina ba ya ciwo. Me zan kashe?"

"Abin da ba kya gani."

"Abin da ba na gani bai yi min komai ba. In ya yi min, zan je asibiti da ƙafata."

Ta ajiye masa kafsonsa a kan tabarma ta tashi. Ba a taɓa yi wa Baba haka ba a gaban 'ya'yansa. Ya ce to, tunda ta zaɓi ta zauna da abin da ke cikinta, ba za ta haɗa kofi da iyalinsa ba. Washegari ya sayo fenti. Goggo ta karɓi kofin bai gama bushewa ba, ta juya shi ta duba, ta ce ja ma yana yi mata kyau. Shekara ashirin da huɗu da shi take shan ruwa, kuma ba ta taɓa haɗiyar ko ƙwaya ɗaya daga gwangwanin nan ba.

Ni na girma ina jin kunyarta, ba zan ɓoye ba. A makaranta cewa nake yi tana aiki a ofishin tasha. Sai da na yi aure, wata rana mota ta sauke ni a tashar, cikina ya matsa min, dole ta kai ni wajenta. Ƙofofi shida ne a jere, uku na maza uku na mata, da benci a gaba inda take zama. Na shiga ina toshe hanci, sai na ga babu abin toshewa. Simintin ya sha wanki har ya yi santsi. Kowace ƙofa da butarta, kowace buta da igiyarta don kada a yi gaba da ita. Tana da bokiti uku masu launi daban-daban, na ƙasa ba ya taɓa na bango, da safar hannu ta roba har gwiwar hannu, da takalmin roba da ba ya shiga gida. A bakin fita ta kafa durom mai famfo, ta rataye sabulu a cikin raga. Duk wanda ya fito zai wuce sai ka ji muryarta.

"Direba, dawo! Da wannan hannun za ka je ka gaisa da mutane?"

Manyan ƙarti masu gemu na gani suna dawowa sumui-sumui suna murza sabulu. Wani ya taɓa ce mata ba uwarsa ba ce, ta ce da ita ce uwarsa da bai kai wannan shekarun yana fitsari a gefen rami ba. 'Yan tasha suka sa masa suna Gefen Rami, har ya canza layi.

Haka rayuwarta ta tafi. Ta fita da hantsi, ta dawo kafin magariba, ta yi wanka a bayan ɗakinta, ta dafa wakenta da ganye a ƙaramin risho, don ta ce abincin Umma ya cika laushi, ciki ba ya samun abin yi. Mu masu wankin ciki kuwa ba ma rabuwa da kumburi da ƙurajen baki da mura. Goggo, in ka cire ciwon gwiwa, ban san ranar da ta kwanta ba. Baba cewa yake yi cuta ce ta saba da ita har ta daina kama ta.

Bara ne ƙusa ta soki Baba a tafin ƙafa. Ya yi kwana biyar yana yi wa kansa magani daga gwangwani, ƙafa ta kumbura ta yi ruwa, muka kai shi asibiti. Aka yi masa allurai masu ƙarfi na mako biyu, ƙafa ta warke. A ɓoye kuma yana ƙarawa da nasa, wai don a gama da wuri. Kwana shida da sallamarsa gudawa ta kama shi.

Ba irin gudawar da aka sani ba ce. Sau goma, sau goma sha huɗu a wuni, da zazzaɓi, da wani wari da ba na son tunawa. Aka koma asibiti, aka ba shi wani magani na musamman, ta tsaya, bayan mako biyu ta dawo. Aka sake, ta sake dawowa. A karo na uku mutumin da ake jin takunsa daga farkon layi ya zama ni da ƙanina muke ɗaga shi kamar buhun da aka zazzage. Idanunsa sun faɗa, zoben azurfarsa ya zame daga yatsa ya shige cikin zanin gado.

Likitar da ke duba shi wata 'yar siririya ce mai gilashi, ba ta da yawan dariya. Ta tara mu a ofishinta, ni da Umma da ƙanina, Goggo kuma ta tsaya a bakin ƙofa kamar yadda ta saba a duk inda muke.

"Hanjin kowane mutum cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani," in ji likita. "Yawansu ya wuce lissafi, kuma mafi yawansu ba cuta ba ne. Tare muke rayuwa da su tun ranar da aka haife mu. Suna cin abin da cikinmu ya kasa narkarwa, kamar dusar hatsi da ɓawon wake da ganye, su fitar da abin da bangon hanji ke ci ya yi ƙarfi."

Umma ta ce, "Ƙwayoyin cuta ne fa kike nufi, likita?"

"Danginsu ne, amma waɗannan namu ne. Kin san garkuwar jiki, wato sojojin da ke yaƙi da cuta? Kaso mai yawa daga cikinsu a jikin bangon hanji suke zaune. Waɗannan halittu su ke koya musu aiki tun mutum yana jariri, su san wanda za su kama da wanda za su ƙyale, su san lokacin tashi da lokacin kwantawa. Kuma sun cika wurin, baƙo mugu ba ya samun inda zai zauna. Maganin da Baba ya daɗe yana sha ba ya tambayar waye nagari waye mugu. Ya share su. Da wuri ya zama kango, sai wata muguwar ƙwaya guda ɗaya da maganin bai iya kashewa ba ta baje ta mamaye ko'ina. Sojojin kuma sun rikice, suna ta yaƙi ba tsari, hanjin ya kumbura."

Daga bakin ƙofa Goggo ta ce, "Kamar tasha ke nan ranar da aka kori masu shayi da 'yan kamasho. Wuri ya yi fes, da yamma ɓarayi suka tare."

Likita ta ɗago ta dube ta ta saman gilashi. "Haka ne, Mama. Ko ni ban iya faɗinsa haka ba."

Sannan ta faɗi maganin. Za a samo mai lafiya, a auna jininsa da bayan gidansa a tabbatar ba ya ɗauke da wata cuta, a ɗebi bayan gidan nasa a tace a ɗakin gwaji, a zuba wa Baba a hanji ta tiyo, don halittun can su zauna su hayayyafa su kori muguwar. Ta ja kunnenmu cewa aikin asibiti ne, kada wani ya kuskura ya gwada a gida. Umma ta rufe baki da mayafi. Ƙanina ya fita waje, na ji shi yana ta tofar da yawu.

Da aka gaya wa Baba ya juya fuska bango. Washegari da murya kamar ta wanda ke cikin rijiya ya ce idan na ɗansa ne, to, jininsa ne, ya yarda.

Sai dai akwai sharaɗi. Dole mai bayarwa ya kasance bai sha irin wannan maganin ba a watannin baya. Likita ta tambayi ƙanina yaushe rabonsa da kafso, ya sunkuyar da kai. Ranar tara ga wata ce. Baba yana kwance rai a hannun Allah, amma ranar ɗaya ga wata Umma ta hau kujera ta sauko da gwangwani, don kada ya warke ya ji an tsallake. Ƙanina mai mata da 'ya'ya biyu ya sha. Ni ma, da aurena da karatuna, na biya gida na karɓi nawa na haɗiye. Likita ta cire gilashinta ta murza ido.

"Duk gidan babu wanda ba ya sha?"

Babu wanda ya juya, amma kowa ya san inda hankalin kowa ya tafi.

"Ga ni," in ji Goggo.

Aka ɗebi jininta da sauran abin da ake buƙata. Ina jin Umma tana raɗa wa ƙanina cewa ɓata lokaci ne, mai wannan aiki ai sai an samu cuta goma a cikinta. Bayan kwana huɗu sakamako ya fito, babu ko ɗaya. Likita ta ce a ranar ko washegari take son a yi, domin hanjin Baba yana ƙara kumbura, idan aka wuce 'yan kwanaki sai dai tiyata, kuma ba ta ga ƙarfin da zai ɗauki tiyata a jikinsa ba.

A barandar asibiti Umma ta kawo dabara. A ce masa na ƙanina ne. Wa zai gaya masa? Likita ta ce ita ba za ta yi wa mara lafiya ƙarya ba, amma idan bai tambaye ta ba, ba dole ne ta ambaci suna ba. Duk muka ji sanyi, muka juya wajen Goggo.

"A'a," ta ce.

"A'a me?" in ji Umma.

"In nawa ne, zai san nawa ne. In ba haka ba ku nemi wani."

Ta gyara ɗankwali ta tafi tasha, don ta ce ta bar ƙofofi shida a hannun mai sayar da lemo.

Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji nata a ranar ba. Na bi ta da rana tsaka, na same ta a durƙushe tana goge ƙofa ta huɗu, na tsaya a kanta.

"Goggo, ubana zai mutu saboda kofi? Ramuwa za ki yi a kan gadon asibiti?"

Ba ta ɗago ba sai da ta gama. Ta ɗauraye burushi, ta cire safar hannu ta shanya, ta wanke hannu har gwiwa, sannan ta nuna min benci.

"Zauna, uwata." Haka take kirana, don sunan mahaifiyarsu aka sa min. "Kina ganin ban fi ki son shi ba? Kin san shi shekara talatin, ni na san shi hamsin da biyar. In aka yi masa ƙarya ya warke, me zai ce? Zai ce cikin ɗansa ne ya tashe shi, cikin da ya wanke da hannunsa duk wata. Ranar ɗaya ga wata zai sauko da gwangwani ya kashe abin da aka zuba masa, ya jera ku, ya jera 'ya'yan ƙaninki. Kin ga ƙaramar? Shekararta uku, an fara ba ta rabi."

Ban san da wannan ba.

"Kuma ba zan yi miki ƙarya ba, akwai nawa a ciki. Shekara ashirin da huɗu ina shan ruwa a bayan ƙofa. Ban yi kuka a gaban kowa ba, amma ba dutse ba ce ni. Yau an ce abin da ke cikina magani ne, sai kuma a karɓa ta bayan gida a ce na wani ne? Ni ba a ɓoye nake aikina ba, ba kuma a ɓoye zan ba da wannan ba."

"In ya ƙi fa?"

Ta daɗe tana kallon motocin da ke lodi.

"In ya ƙi, ki karɓo roba a asibiti ki zo da ita, zan ba ki, ku faɗa masa abin da kuka ga dama. Ba zan bar shi ya mutu ba. Amma kada ki gaya wa uwarki na faɗi haka. Ku bar ni da shi tukuna."

Da la'asar ta shigo ɗakin da yake kwance. Ta biya gida ta yi wanka, amma ta zo da kofinta a hannu, ta ajiye shi a kan lokar gefen gado kusa da ruwansa. Baba ya dubi kofin, ya dube ta.

"Yaya, na ɗanka bai yi ba. Na 'yarka bai yi ba, na matarka bai yi ba. Duk ka wanke su. Nawa ne kawai ya rage."

Ya rufe ido. Ƙarin ruwa yana ɗiga a hannunsa.

"Gara in mutu," ya ce.

Umma ta fashe da kuka. Goggo ko gezau, ta ja kujera ta zauna daf da kansa.

"To, Allah ya sa a huta. Amma kafin ka tafi, wa kake tsammani yake wanke zannuwanka wata biyun nan? Matarka amai take yi in ta shiga. Ni ke kwashe su kafin ka farka, da safar hannuna da bilic ɗina, in shanya a bayan ɗakina. Ban ji ƙyamarka ba ko sau ɗaya."

Bai buɗe ido ba.

"Kuma da Inna ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, ina 'yar shekara biyu, wa yake ɗora ni a fo? Wa yake yi min tsarki kafin ya tafi makaranta, har yara suna yi masa waƙa? Kai ne, Yaya. Ka kwashe kashina da hannunka lokacin da ba shi da amfanin komai. Yau da likita ta ce magani ne kake ƙyamarsa?"

Wani tsoho da ke gadon kusa, wanda muka ɗauka barci yake yi, ya ce, "Malam, ka karɓa mana. Ni da za a ba ni ai da na gode."

Baba ya buɗe ido yana kallon silin. Hawaye ya gangaro ta gefe ya shige kunnensa.

"Kin yi ƙiba a lokacin," ya ce. "Da ƙyar nake ɗaga ki."

"Har yanzu ba ka iya ɗaga ni."

Ya ce a kira likita ta kawo takardar amincewa. Da zai sa hannu biro ya ƙi zama a yatsunsa, Goggo ce ta tallafe masa gwiwar hannu.

Washegari da safe ta zo da abin da aka ce ta kawo a robar da aka ba ta, ta miƙa wa ma'aikacin ɗakin gwaji kai a sama kamar mai kai kaya gidan biki. Aikin kansa bai kai awa ɗaya ba. Ranar farko Baba ya zaga sau shida, ta biyu sau uku. Rana ta huɗu zazzaɓi ya sauka, ya ce yana jin yunwa, ya kuma yi wa nas faɗa a kan ƙurar da ke saman taga. A nan muka san ya dawo.

Ranar sallama Goggo ta zo da gwangwanin biskit a cikin leda ta ajiye a teburin likita. Ba ta nemi izinin kowa ba, hawa kujera ta yi ta ɗauko. Likita ta buɗe ta ga abin da ke ciki, ta yi salati. Ta ce wa Baba irin wannan magani yana ceton rai idan cutar da ta dace da shi ta zo, ai shi ya ceci ƙafarsa, amma daga yau sai da takardar likita. Baba ya ce ya ji. Tun daga nan Goggo ta samu abin tsokana. Duk safiya idan za ta fita sai ta leƙa ɗakinsa.

"Yaya, ina kwana? Ya mutanena? Ka ba su wake kuwa? Ba su saba da abinci mai laushi ba fa."

Shi kuma ya ɓata fuska ya ce sun cika surutu kamar mai su.

Bai taɓa ce mata ya gode ba, ba halinsa ba ne, ni kuma abin yana ci min rai. Sai bayan wata biyu, wata ranar ɗaya ga wata, ya aiko a kira ni. Na zo na same shi ya sa tsohuwar farar rigarsa ta aiki, wadda yanzu ta yi masa yawa. Ya ce in raka shi tasha. A shekara ashirin da huɗu ko hanyar bai taɓa bi ba.

Goggo tana kan benci ta hango mu, ba ta tashi ba. Baba bai gaishe ta ba. Ya ciro tocila daga aljihu ya fara daga ƙofa ta ɗaya. Ya haska kusurwa, ya leƙa cikin buta, ya shafa yatsa a bayan ƙofa ya duba, ya ɗaga murfin durom ya sunsuna. Direbobi suka taru suna kallon tsohon da ke binciken masai da farar riga. Sai da ya gama ƙofofi shida, ya dawo ya murza sabulun da ke cikin raga, ya ɗauraye hannu, ya kashe tocila.

"Ba laifi," ya ce.

Na juya baya don kada direbobi su ga fuskata.

Ya zauna a ƙarshen bencin yana haki, don tafiyar ta yi masa yawa. Ya ce a ba shi ruwa. Tun ranar asibiti Goggo ba ta mayar da kofinta ƙusa ba, da shi take zuwa aiki. Ta ɗauko shi, ta zuba daga gorarta, ta kurɓa tukuna, sannan ta miƙa masa. Bai goge bakin kofin ba, ya shanye tas. Sai ya kifa shi a tafin hannu, ya sa farcen babban yatsa ya fara kankare fentin.

Goggo ta fizge kofinta.

"A'a, Yaya. Bar shi yadda yake."

"Ai ya isa haka," ya ce.

"Ya isa, amma a bar shi. In ka goge, gobe 'ya'yan ɗanka za su ce ba a yi ba."

Ta sake cika kofin ta ajiye a tsakaninsu a kan benci, jan fentin da ya zagayo gindin yana kallon duk mai wucewa. Wani fasinja ya fito daga ƙofa ta biyu yana gyara wando zai wuce durom, kafin Goggo ta buɗe baki sai na ji muryar Baba.

"Kai, dawo ka wanke hannu. Ba ka ji abin da mai wurin ta ce ba?"